Benis: Gawar sata, dawakin ganima da sauran labaran birnin da ke zaune kan ruwa

A saman ɗaya daga cikin ƙofofin babbar majami'ar Waliyyi Markus da ke birnin Benis, a arewa maso gabashin Italiya, akwai wani zane da aka yi da gutsattsarin gilashi masu launi. Wasu mutane ne masu rawani, an buɗe musu wani babban kwando, sun ja da baya suna kawar da kai cikin ƙyama.

Mutanen jami'an kwastam ne na tashar jiragen ruwa ta Iskandariyya a Masar. Abin da suka gani a kwandon naman alade ne. Abin da ya ɓuya musu kuwa gawa ce a ƙarƙashin naman, kuma domin wannan gawa aka gina majami'ar da zanen ke jikinta.

Ba kowane gari ne zai yi fasa-ƙwauri sannan ya zana yadda ya yi shi a bakin ƙofar ɗakin ibadarsa ba. Benis, wadda Italiyawa ke kira Venezia, ta yi hakan ba tare da ko ɗar ba. Kuma yawancin abubuwan da miliyoyin baƙi ke tururuwar ɗauka a hoto a babban dandalinta, daga wata ƙasa aka kawo su a jirgin ruwa, wasu da ciniki, wasu da ƙarfi. Kowanne kuma an ɗinka masa labarin da zai sa ya yi kama da ɗan gida.

Gari a kan turaku

Riwayar mutanen birnin ta ce an kafa Benis ranar 25 ga Maris na shekarar 421, da tsakar rana. A kan wannan lissafi ne aka yi bikin cikarta shekara 1,600 a 2021. Masana tarihi ba sa ɗaukar ranar da muhimmanci, domin an fara ambatonta ne ɗaruruwan shekaru daga baya.

Abin da aka tabbatar shi ne 'yan gudun hijira ne suka cika wurin. Lokacin da daular Rum ta yamma ke rugujewa, mayaƙan Attila sun rusa birnin Akwileya a 452, sannan ƙabilar Lombard ta mamaye arewacin Italiya daga 568. Mutane suka tsere cikin wani faffaɗan tafkin ruwan gishiri mai cike da tsibiran laka, inda dokin mahara ba ya iya shiga, babban jirgi kuma yana kafewa. Masunta da masu haƙar gishiri suka tarar a can.

Laka ba ta ɗaukar gini, don haka suka yi dabara. Sukan kafa dogayen turaku na itace, ɗaya manne da ɗaya, har lakar ta daskare ta yi ƙarfi. Sai a shimfiɗa katako a kai, a ɗora farin dutsen Istriya wanda ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, sannan bulo ya biyo baya. Itacen da ke nutse a laka ba ya samun iska, shi ya sa ba ya ruɓewa da wuri. A haka aka haɗa tsibirai kusan 118 da gadoji fiye da 400.

Garin da ba shi da gona, ba shi da dutse, ba shi da ko rijiyar ruwan daɗi sai abin da aka tara na sama, dole ya rayu da fatauci. Kuma garin 'yan gudun hijira ba shi da asalin da zai yi tutiya da shi a gaban Roma ko Kustantiniyya. Wannan giɓi ne gawar Markus ta zo ta cike.

Kwandon da ya fito daga Iskandariyya

Markus shi ne wanda Kiristoci ke danganta wa ɗaya daga cikin littattafan Linjila huɗu, kuma Kibɗawan Masar na ɗaukarsa a matsayin wanda ya kafa majami'arsu. A Iskandariyya kabarinsa yake.

A shekarar 828, lokacin Masar na ƙarƙashin daular Abbasiyya, wasu fatake biyu daga Benis, Buono na Malamocco da Rustico na Torcello, suka sauka a birnin. A wancan lokaci akwai dokar sarkin Kustantiniyya da ta hana fatauci da ƙasashen Musulmi, don haka riwayar ta yi saurin cewa iska ce ta kaɗa jiragensu can ba da son ransu ba. Wanda ya san halin ɗan kasuwa zai iya yi wa wannan iska fassarar da ta dace.

Fataken suka lallashi malaman majami'a biyu da ke gadin kabarin, suka ce gawar na cikin haɗari. Aka ɗauke ta aka sa wata a madadinta, aka saka a kwando, aka rufe da ganyen kabeji da naman alade. Da aka iso bakin tasha, riwayar ta ce jami'an suna leƙawa suka ɗauki ihun "kanzir, kanzir", wato hinziri da Larabci, suka ce a wuce da shi.

Babu wata majiya daga ɓangaren Masar da ta ba da labarin a haka. Mutanen Benis ne suka rubuta shi, su ne kuma jarumansa. Amma lokacin da abin ya faru yana da abin lura. Shekara ɗaya kafin nan, a 827, wani taron malaman addini a birnin Mantuwa ya yanke cewa majami'ar Akwileya, wadda ke iƙirarin Markus ne ya kafa ta, ita ce gaba da ta Grado, wadda Benis ke bi. Wannan hukunci na nufin ragamar addinin mazauna tafkin za ta koma hannun masu mulkin tudu. Ana cikin haka sai ga gawar Markus ɗin kansa ta iso Benis. Gardama ta sauya salo: ku kuna da labarinsa, mu muna da shi.

Shugaban birnin, wanda ake kira Doje, bai miƙa gawar ga babban limamin gari ba. A fadarsa ya ajiye ta, ya sa aka gina mata majami'a a jikin fadar. Kusan shekara 1,000 wannan gini yana matsayin ɗakin ibadar Doje ne, sai a 1807 ya zama babbar majami'ar birnin a hukumance. Waliyyin da garin ke ji da shi a da, Tiyodo, wanda ke da alaƙa da Kustantiniyya, aka ture shi gefe. Zaki mai fukafukai, alamar Markus, ya hau tuta da kuɗi da goshin jiragen yaƙi.

Saura a wanke satar. A ƙarni na 13 wani sabon labari ya bazu, cewa tun Markus na da rai ya taɓa ratsa tafkin a kwalekwale, barci ya ɗauke shi, mala'ika ya yi masa bushara cewa nan jikinsa zai huta. Ke nan fataken ba sata suka yi ba, alkawari suka cika.

Akwai kuma matsalar ɓatan gawar. A 976 mutanen gari suka yi wa Doje Pietro Candiano na huɗu bore, suka cinna wa fada wuta, ta ci har majami'ar. Da aka fara ginin da ke tsaye yanzu a 1063, aka zo keɓe shi a 1094, sai aka rasa wanda ya san inda gawar take. Riwaya ta ce an yi azumi da addu'a na kwana uku, sai wani ginshiƙi ya tsage, hannun waliyyin ya bayyana. Mai shakka zai ce gawar ta ƙone tun a gobarar farko. Mutanen Benis dai suka mayar da ranar, 25 ga Yuni, ranar biki.

Kibɗawa har yau suna cewa kan Markus bai taɓa barin Iskandariyya ba. A watan Yunin 1968 Fafaroma Paul na shida ya miƙa wa majami'arsu wani ɗan gutsuren ƙashi da ake dangantawa da shi, aka ajiye a sabuwar babbar majami'ar Alƙahira, wadda Shugaba Gamal Abdel Nasser da Sarki Haile Selassie na Habasha suka halarci buɗe ta. Bayan shekara 1,140, abin da ya koma gida ke nan.

Shi kansa ginin ba ya kama da majami'un Turai ta yamma. An kwaikwayi wata tsohuwar majami'ar Kustantiniyya ne, yana da ƙubba biyar, cikinsa kuma zanen gilashi da zinare ya rufe fili fiye da murabba'in mita 8,000. Baƙon da ya saba da masallatan Istanbul ko Alƙahira zai ji kamar ya san wurin.

Bashin da ya ci Kustantiniyya

A barandar da ke saman babbar ƙofa akwai dawakai huɗu na ƙarfe, kowanne ya ɗaga ƙafa ɗaya. Waɗanda ake gani a waje kwafi ne. Na ainihin suna ciki tun farkon shekarun 1980, saboda gurɓatacciyar iska ta fara cin su. Kusan zallar tagulla ce aka shafe da zinare, kuma sun girmi Benis nesa ba kusa ba, domin tun zamanin tsohuwar daular Rum ko kafin nan aka ƙera su.

Yadda suka zo labarin bashi ne. A 1201 shugabannin yaƙin Salibiyya na huɗu suka ƙulla yarjejeniya da Benis: za ta ƙera jiragen da za su kwashi mayaƙa 33,500 da dawakai 4,500, a biya ta azurfa mak 85,000. Masar aka nufa. Birnin ya dakatar da harkokinsa na fatauci ya duƙufa kan aikin shekara guda. Da lokaci ya yi, kusan kashi ɗaya cikin uku na mayaƙan ne kawai suka bayyana, kuɗin kuma bai cika ba.

Doje na lokacin, Enrico Dandolo, makaho ne, tsoho tukuf mai shekara wajen 90, amma kansa na ja. Ya ce za a ɗaga musu ƙafa idan suka taya Benis kame Zara, wani birnin Kiristoci a gaɓar tekun Adiriyatik da ya ɓalle mata. Suka yi hakan a 1202, Fafaroma ya fusata. Daga nan wani yariman Kustantiniyya da aka kori mahaifinsa daga mulki ya yi musu alkawarin dukiya mai yawa in sun ɗora shi kan gado. Sun ɗora shi, ya kasa biya, mutanensa suka kashe shi. A watan Afrilun 1204 rundunar da ta fito da niyyar yaƙar Musulmi ta afka wa birni mafi girma na Kiristoci a duniya, ta yi kwana uku tana wawashe shi.

Ana yawan cewa Dandolo fansa ya ɗauka, wai Rumawan Kustantiniyya ne suka makantar da shi shekaru da dama kafin nan. Wani jarumi da ya yi tafiyar tare da shi ya rubuta cewa rauni ne a ka ya ɗauke masa gani, kuma masana na yanzu sun fi karkata ga wannan. Bashin da ba a biya ba ya isa dalili.

Yayin da sauran mayaƙa ke narkar da gumakan tagulla suna buga kuɗi, mutanen Benis zaɓe suka yi, suka yi lodi. Dawakan daga filin sukuwar birnin aka sauko da su. An ce sai da aka guntule kawunansu kafin su shiga jirgi, kuma abin wuyan da ke jikinsu an sa shi ne don ɓoye wurin haɗin. Benis ta kuma sami kashi uku cikin takwas na daular. Dandolo bai koma gida ba: ya mutu a 1205, aka binne shi a Aya Sofiya, inda har yau akwai dutse mai sunansa.

A wata kusurwar majami'ar Markus, ta wajen fada, akwai gumakan wasu sarakuna huɗu na jan dutse, biyu-biyu rungume da juna. Tatsuniyar gari ta ce ɓarayi ne baƙi da suka zo satar dukiyar waliyyi suka daskare. Ɗaya daga cikinsu ƙafarsa ta guntule, an cike ta da farin dutse. A shekarun 1960 masu haƙar kayan tarihi suka tono guntun ƙafar a Istanbul, yana gidan tarihin birnin yanzu. Ashe gumakan da ake kira ɓarayi su ne kayan satar.

Gaba da gabanta. A watan Mayun 1797 Napoleon ya kawo ƙarshen jamhuriyar Benis, ya sa aka sauko da dawakan aka kai Paris. Sai a 1815, bayan faɗuwarsa, aka dawo da su, kuma Benis aka dawo da su, ba inda aka fara ɗauko su ba.

Ginshiƙai biyu da ba a ratsa tsakaninsu

A bakin ruwa, inda baƙi ke sauka a zamanin da, akwai manyan ginshiƙan dutse biyu da aka kawo daga gabas. An ce uku ne, ɗaya ya suɓuce ya nutse a laka wajen saukewa, har yau ba a gan shi ba. Sauran biyun suka daɗe a kwance don an rasa mai iya tayar da su, sai wajen 1172 wani magini, Nicolò Barattieri, ya yi amfani da igiyoyin da ake jiƙawa suna tsukewa, yana ɗaga su kaɗan-kaɗan.

Da aka tambaye shi ladansa, riwaya ta ce ya nemi izinin kafa teburin caca tsakanin ginshiƙan, alhali caca haramun ce a garin. Hukuma ta cika alkawari, sannan ta mayar da wurin filin zartar da hukuncin kisa. Har gobe ɗan asalin Benis mai camfi ba ya bi ta tsakaninsu. Baƙi ne ke tsayawa a nan suna ɗaukar hoto.

A kan ɗaya akwai Tiyodo, waliyyin da aka sauke, tsaye kan wata dabba mai kama da kada. Gunkin haɗe-haɗe ne, kai daga wani tsohon gunki, gangar jiki daga wani. A kan ɗayan kuma zakin tagulla mai fukafukai, tambarin birnin. A 2024 masu bincike na Jami'ar Padua suka sanar cewa gwajin da suka yi wa ƙarfensa ya nuna daga yankin kogin Yangtze na ƙasar Sin aka haƙo shi, kuma suna ganin asalinsa dodon gadin kabari ne na zamanin daular Tang da aka yi wa gyaran fuska. In hakan ya tabbata, shi ma zakin baƙo ne.

Hasumiyar ƙararrawa da ke tsaye kusa, mai tsayin kusan mita 99, ita ce aka hau a 1609 da Galileo ya nuna wa manyan gari madubin hangen nesansa. Ta rushe da safiyar 14 ga Yulin 1902, bayan an ga tsaga a jikinta an kori jama'a, kuma kyanwar mai gadi kaɗai ta mutu. An sake gina ta yadda take a inda take, aka buɗe a 1912. Ita kuwa hasumiyar agogo ta 1499, ana cewa an ƙwaƙule idanun masu ƙera ta don kada su yi wa wani gari irinta. Takardun hukuma sun nuna gida aka ba maƙerin a cikin hasumiyar, da albashi, don ya riƙa kula da agogon.

Gadar ajiyar zuciya

Doje ba sarki ba ne mai cin gashin kansa. Zaɓarsa ake yi ta wata doguwar hanya mai haɗa ƙuri'a da jefa ƙwallo, majalisu kuma sun ɗaure shi tamau. A babban zauren fadar an jera hotunan shugabannin farko 76, amma a gurbi ɗaya baƙin ƙyalle aka zana. Na Marino Faliero ne, wanda ya ƙulla makircin mayar da kansa sarki, aka fille masa kai a harabar fadarsa a 1355.

A bangon fadar akwai fuskokin dutse masu buɗaɗɗen baki, inda ake jefa takardar tsegunta wa hukuma laifin wani. Daga ɗakunan shari'a kuma wata rufaffiyar gada ta farin dutse, da aka gina a farkon shekarun 1600, ta tsallaka siririn ruwa zuwa kurkuku. Ita ce ake kira Gadar Ajiyar Zuciya, wai don fursuna yakan leƙa ta 'yar tagarta ya ga garin gani na ƙarshe ya sauke numfashi.

Sunan ya yi tashe ne a ƙarni na 19 ta alƙalamin mawaƙin Ingila Lord Byron, bayan jamhuriyar ta shuɗe. Yawancin waɗanda suka bi ta gadar ƙananan masu laifi ne. Fursunan da ya fi suna a fadar, Giacomo Casanova, a ɗakunan ƙarƙashin rufin dalma aka tsare shi, kuma ta rufin ya tsere a 1756. Camfin da ke cewa masoyan da suka sumbaci juna a kwalekwale ƙarƙashin gadar da faɗuwar rana ba za su rabu ba, wani fim na 1979 ne ya yaɗa shi. Masu tuƙa gondola ba su taɓa ƙorafi a kai ba.

Kasuwa, Shaiɗan da 'yan'uwan da suka zama dutse

Zuciyar kuɗin birnin tana Riyalto, inda kasuwa ke ci tun ƙarni na 11. Gadar katakon da ke nan ta karye a 1444 saboda cunkoson 'yan kallon wani biki, ta sake faɗuwa a 1524. Ta dutsen da ke tsaye yanzu Antonio da Ponte ya gina tsakanin 1588 da 1591, baka ɗaya tal, da shaguna a kanta, mutane na ta rantsuwa ba za ta tsaya ba. Har 1854 ita kaɗai ce gada a kan babbar mashigar ruwan birnin.

Tatsuniya ta ce duk abin da aka gina da rana sai ya zube da dare, har Shaiɗan ya bayyana ya ce a ba shi ran farkon wanda zai haye. Maginin ya amince, ya sayi zakara da niyyar sakinsa a kan gadar. Shaiɗan ya riga shi: ya je gidansa a siffar ɗan aike, ya ce wa matarsa mai ciki mijinta na kiranta. Ta haye. Jaririn bai zo da rai ba, kuma an daɗe ana jin atishawarsa a kan gadar cikin dare, sai da wani tsohon matuƙin kwalekwale ya yi masa addu'ar da ake yi wa mai atishawa, ran ya sami sakewa.

A arewacin birnin, a unguwar Cannaregio, akwai gumakan wasu mutane masu rawani jingine da bango, kusa da wani gida mai hoton raƙumi da kaya a jikinsa. An ce 'yan'uwa ne na gidan Mastelli, fataken kayan yaji da tufafi da suka zo daga Girka a ƙarni na 12. Wata rana suka yabi wani yadi maras kyau ga wata mata, ɗayansu ya rantse cewa in ƙarya yake hannunsa ya zama dutse. Matar waliyyiya ce a ɓoye, sai dukansu suka daskare. Ɗaya yana da hancin ƙarfe da aka sa masa bayan na dutsen ya karye, masu wucewa na shafa shi don neman sa'a. A 2010 aka sace kansa, aka tsince shi bayan 'yan kwanaki.

Rawani da raƙumi a bangon Benis ba abin mamaki ba ne. Arzikinta daga Iskandariyya da Dimashƙu da Halab da Istanbul ya fito, ko ana yaƙi ko ana sulhu. Larabawa na kiranta Bunduƙiyya, lafazi ɗaya da kalmar da Hausa ta ara ta zama bindiga, kodayake masana harshe sun yi saɓani kan ko tushensu ɗaya ne. A nan aka fara buga Alƙur'ani da injin ɗab'i, wajen 1538, don sayarwa a ƙasashen Usmaniyya. Bugun ya cika da kurakurai, bai karɓu ba, kuma kwafi ɗaya tak aka gano, a 1987, a ɗakin karatun wasu malaman majami'a a birnin.

Hajar da ta karɓu ita ce takarda. Masana'antun yankin Benis sun riƙa yin wata takarda mai tambarin jinjirin wata uku a cikinta domin kasuwar Musulmi. Ta Turabulus da Alƙahira ayari ya riƙa ratso Sahara da ita, kuma littattafan hannu da yawa na malaman Sakkwato da Kano da Barno na ƙarni na 19 a kanta aka rubuta su, musamman ta gidan Galvani da ke Pordenone. Wanda ke da tsohon kundin kakanni a gida, ya ɗaga warƙa ɗaya a hasken rana, yana iya ganin watannin.

Amarya ta fara tarewa

Kowace shekara, tun wajen shekara ta 1000, Doje kan fita bakin teku a wani jirgi na alfarma. Daga baya bikin ya zama ɗaurin aure: yakan jefa zoben zinare a ruwa, alamar Benis ta auri teku kuma ita ce mai iko. Riwaya ta ce Fafaroma Alexander na uku ne ya ba da zoben farko a 1177. Sojojin Faransa sun farfasa jirgin ƙarshe a 1798 don su kwashe zinarensa, amma magajin gari na jefa zoben har yanzu.

Sai dai amaryar ta fara tarewa. Ƙasar birnin na nutsewa sannu a hankali, teku kuma na ƙaruwa. Ranar 4 ga Nuwamban 1966 ruwa ya kai santimita 194 sama da ma'auni, mafi muni da aka rubuta. Daren 12 ga Nuwamban 2019 ya kai 187. Dandalin Markus na cikin wurare mafi kwari a garin, shi ruwa ke fara shiga, kuma gishirin da ke saura bayan ya janye yana hawa cikin bulo yana cin marmara da zanen zinare.

Gwamnati ta gina wasu ƙofofin ƙarfe 78 a bakin mashigai uku na tafkin, aikin da ake kira MOSE, waɗanda ke kwance a ƙasan ruwa sai an hango ambaliya a tayar da su. Ya ci kusan Yuro biliyan 6, ya yi shekaru ana jan ƙafa, kuma a 2014 badaƙalar cin hanci a kansa ta kai ga kama mutane da dama har da magajin garin lokacin. An fara tayar da ƙofofin a kan ambaliya ranar 3 ga Oktoban 2020, dandalin ya kwana a bushe. A 2022 aka ƙara kewaye majami'ar da katangar gilashi, domin ƙaramin ruwan da bai kai a tayar da ƙofofin ba ma yana shiga cikinta.

Ɗayar ambaliyar ta mutane ce. An hana manyan jiragen yawon shaƙatawa ratsa gaban dandalin tun Agustan 2021. Daga 25 ga Afrilun 2024, ranar bikin Markus, aka fara karɓar Yuro 5 daga baƙin yini ɗaya a wasu ranakun cunkoso, abin da wasu mazauna suka yi wa zanga-zanga suna cewa an mayar da garinsu gidan kallo mai tikiti.

Gidaje na komawa masaukin baƙi, haya ta fi ƙarfin ɗan gari, matasa na ƙaura zuwa Mestre a kan tudu. A farkon shekarun 1950 mutum kusan 175,000 ne ke zaune a tsohon birnin. A tagar wani kantin magani kusa da gadar Riyalto akwai allon lantarki da ke nuna adadin waɗanda suka rage, kuma a watan Agustan 2022 lambar ta sauka ƙasa da 50,000.